Rubutun sabar: sanarwa ta imel da ajiye hotuna a rumbun bayanai

Rubutun sabar shi ne jerin umarnin da ake rubutawa domin ya yi aiki a kan kwamfutar da ke ɗauke da shafin intanet, wadda ake kira sabar, wasu kuma su ce uwar garke. Mai ziyara ba ya ganin rubutun, sakamakonsa ne kawai ke isa burauzarsa. Harsunan da aka fi amfani da su sun haɗa da PHP, wanda Rasmus Lerdorf ya fitar a 1995, da Python da Perl, da JavaScript ta hanyar Node.js. Akwai ayyuka biyu da kusan duk mai koyon wannan sana'a ke cin karo da su tun da wuri: sa sabar ta aika imel idan wani abu ya faru, da adana hoton da mutum ya ɗora. Kowannensu ana iya rubuta shi a layi kaɗan, amma a duka biyun rubutun yana miƙa kaya ne ga wani tsari daban, kuma amsar "an karɓa" da yake samu ba ta nufin kayan sun isa lafiya.

Sanarwa ta imel

Sanarwa ita ce saƙon da na'ura ke aikawa da kanta: tabbatar da rajista, mahaɗar sauya kalmar sirri, shaidar an karɓi oda, ko faɗakar da mai shafi cewa wani ya cike fom. Ƙa'idar da ke ɗaukar waɗannan saƙonni ita ce SMTP, wadda Jon Postel ya tsara a takardar ƙa'idojin intanet mai lamba RFC 821 a 1982, aka sabunta ta a RFC 5321 a 2008. Hira ce gajera tsakanin kwamfutoci biyu. Mai aikawa zai gabatar da kansa, ya faɗi daga wa saƙon ya fito da kuma wa za a kai wa, sannan ya zuba saƙon. Mai karɓa yana amsa kowane mataki da lamba. Lamba 250 na nufin an amince. Lambar da ta fara da 4 na nufin a sake gwadawa an jima. Wadda ta fara da 5, kamar 550, ƙi ne na dindindin, galibi domin babu wannan adireshi. Sabar tana da ƙofofi masu lamba da saƙonni ke bi: ƙofa ta 25 ta hira ce tsakanin sabar da sabar, yayin da manhajar da ke miƙa saƙo take bi ta ƙofa ta 587 ko ta 465, da sunan shiga da kalmar sirri, a cikin rufin TLS, wato tsarin da ke ɓoye hirar daga masu leƙen asiri.

A PHP, hanya mafi sauƙi ita ce umarnin mail(). A kan Linux wannan umarni ba ya kai saƙo ko'ina da kansa. Yana miƙa shi ne ga manhajar aika wasiƙu da ke kan sabar, kamar Sendmail na Eric Allman, ko Postfix na Wietse Venema, ko Exim. Idan manhajar ta karɓa, mail() sai ya dawo da amsar "eh". Nan ne masu koyo da yawa ke ruɗewa: shafi ya nuna "an aika saƙonka", amma akwatin mai karɓa wayam. Mai yiwuwa saƙon na nan a layi cikin sabar, ko an ƙi shi a hanya, ko yana kwance a akwatin saƙonnin banza. Ba za a gano inda ya maƙale ba sai an buɗe kundin ayyukan manhajar wasiƙun an karanta. Shi ya sa masu sana'a suka fi son ɗakunan karatu na kod, wato tarin umarnin da wasu suka riga suka rubuta, irin su PHPMailer da Symfony Mailer, ko smtplib na Python, ko Nodemailer, domin suna magana kai tsaye da sabar SMTP kuma suna dawo da ainihin dalilin ƙi.

An gina SMTP ne domin haruffan ASCII masu bit bakwai, wato baƙaƙen Ingilishi da lambobi da 'yan alamomin rubutu. Abin da ya buɗe hanya ga hotuna da sauran rubuce-rubucen duniya shi ne MIME, wanda Nathaniel Borenstein da Ned Freed suka fitar a 1992. Da shi ake raba saƙo gida-gida, ɓangare na rubutu zalla, ɓangare na HTML, ɓangare na fayil. Fayil kuwa sai an mai da shi haruffa ta hanyar Base64, inda kowane bayit uku (bayit ɗaya bit takwas ne) ke zama haruffa huɗu, don haka girmansa ke ƙaruwa da kusan kashi ɗaya bisa uku. Haka kuma duk harafin da ba ya cikin ASCII, kamar ƙ ko é ko baƙaƙen Larabci, sai an bayyana tsarin haruffan saƙon, kamar UTF-8 mai ɗaukar baƙaƙen harsunan duniya, kuma taken saƙo yana da tasa hanyar juya haruffa daban. Idan aka manta, mai karɓa zai ga tarkacen alamomi a wurin sunansa.

Haɗarin da ya fi shahara a nan shi ne cusa kanun saƙo, wato layukan saman imel da ke faɗin mai aikawa da mai karɓa da take. A ce fom yana da gurbin adireshin mai rubutu, rubutun sabar kuma yana ɗaukar abin da aka shigar ya manna shi yadda yake a layin From, mai nuna wanda ya aiko. Kanun imel ana raba su ne da alamar sabon layi. Mai mugun nufi sai ya rubuta adireshi, ya sa sabon layi, ya ƙara Bcc, layin masu karɓar kwafi a ɓoye, tare da ɗaruruwan adireshi. Kafin mai shafi ya ankara, sabarsa ta zama masana'antar saƙonnin banza, an saka lambar adireshinta ta intanet a jerin waɗanda ake toshewa, har saƙonninsa na gaskiya ma sun daina wucewa. Maganinsa a ƙi duk wani shigarwa mai ɗauke da sabon layi, a tantance siffar adireshin, a bar layin From ya zama na shafin kansa, adireshin baƙo kuma ya tafi Reply-To, layin da amsa ke bi. Ko ɗakin karatu mai suna ba ya rasa rauni: a Disamban 2016 mai bincike Dawid Golunski ya bayyana wata ɓaraka a PHPMailer da ke ba maharin damar gudanar da umarni a kan sabar ta gurbin adireshin mai aikawa. Sabunta ɗakunan karatu yana cikin aikin.

Isar saƙo a yau ta dogara sosai ga shaidu uku da ake sakawa a DNS, kundin sunayen intanet, ƙarƙashin yankin shafi, wato sunan da ake shiga shafin da shi. SPF yana lissafa sabar da aka yarje wa aikawa da sunan yankin. DKIM sa hannu ne na lissafin sirri da ke nuna ba a taɓa saƙon a hanya ba. DMARC, wanda aka wallafa a RFC 7489 a 2015, yana faɗa wa mai karɓa abin da zai yi da saƙon da ya kasa waɗannan gwaje-gwaje. Daga Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka tsaurara sharuɗɗa, inda Google ya wajabta duka ukun ga masu aika saƙo 5,000 ko fiye a rana zuwa Gmail, tare da hanyar fita daga jerin talla da dannawa ɗaya.

Wata shawara da ta cancanci a riƙe ita ce kada a aika saƙo a lokacin da mai ziyara ke jiran shafi ya buɗe. Gara rubutun ya rubuta saƙon a wani tebur na masu jiran aikawa cikin rumbun bayanai, wato manhajar da ke adana bayanan shafi, ya sallami mai ziyara, sannan wani ƙaramin aiki da cron, mai tada ayyuka bisa agogo, ke tadawa kowane minti ya kwashe su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya gamu da lamba mai 4 a sake gwada shi, wanda ya gamu da mai 5 a yi masa alama a daina.

Ajiye hotuna

Rumbun bayanai yana da gurbi na musamman domin bayit ɗanye, wanda ake kira BLOB. A rumbun MySQL iri huɗu ne: TINYBLOB mai ɗaukar bayit 255, BLOB mai 65,535, MEDIUMBLOB mai kusan megabayit 16, da LONGBLOB mai kusan gigabayit 4. PostgreSQL yana da bytea mai iyakar gigabayit 1, SQL Server kuma varbinary(max) mai kusan gigabayit 2.

Sunan BLOB yana yaudarar mai koyo, domin yana ganin babba ne. Idan aka zuba hoton waya mai megabayit uku a gurbin BLOB na MySQL, ɗayan biyu ne zai faru. A tsauraran yanayi, wanda ya zama na asali tun MySQL 5.7, rumbun zai ƙi karɓa ya faɗi dalili. Idan an kashe wannan yanayi, zai yanke hoton a bayit 65,535 ya adana guntun da ɗan gargaɗi kawai. Ranar da aka buɗe hoton sai a ga siririn zare na sama ya fito, sauran duk toka-toka, kuma abin da aka yanke ya tafi ke nan.

Kafin hoto ya kai rumbu ma akwai shingaye. PHP yana zuwa da upload_max_filesize, iyakar fayil ɗaya, na megabayit 2 da post_max_size, iyakar duk abin da fom ya aiko, na megabayit 8. Idan kaya suka wuce na biyun, $_FILES da $_POST, inda rubutun ke karanta abin da aka aiko, za su zo fanko, kamar mutum bai aiko komai ba. Sai kuma max_allowed_packet na MySQL, iyakar abin da rumbun ke karɓa a lokaci guda, wanda asalinsa megabayit 4 ne a siga ta 5.7, ya koma 64 a ta 8.0. Fayil ɗin da aka ɗora yana sauka ne a wurin wucin gadi, kuma PHP yana share shi da zarar buƙatar ta ƙare, sai dai in an kwashe shi.

Kada a yarda da sunan fayil ko nau'in da burauza ta faɗa, domin duka biyun mai aikawa ne ke rubuta su. Abin dubawa shi ne cikin fayil ɗin. JPEG yana farawa da bayit FF D8 FF, PNG da 89 50 4E 47, kuma finfo na PHP yana karanta irin waɗannan alamomi. Ya fi aminci a buɗe hoton da manhajar sarrafa hoto kamar GD ko ImageMagick a sake rubuta shi sabo. Wannan yana zubar da mafi yawan kod ɗin da ake ɓoyewa, yana kuma ba da damar goge bayanan EXIF, waɗanda a hotunan waya kan ƙunshi ainihin wurin da aka ɗauki hoton. Wannan batu na sirrin mutane ne, bai kamata a ɗauke shi da wasa ba. Shigar da hoton cikin tebur kuma ta shiryayyen umarni ake yi, kamar PDO tare da PARAM_LOB, ba ta manna bayit cikin jimlar SQL, harshen da ake yi wa rumbu magana da shi, ba.

Fito da hoto yana buƙatar ƙaramin rubutu na daban. Shafi zai nemi hoto mai lamba kaza, rubutun ya ɗauko shi, ya aika layin Content-Type mai faɗa wa burauza nau'in fayil, misali image/jpeg, sannan ya zuba bayit ɗin. Ko fili guda ya riga wannan layi fita, hoton ya lalace. Ya kamata a haɗa da Cache-Control da ETag, domin burauza ta riƙe kwafi, sabar kuma ta amsa da 304, wato hoton bai sauya ba, maimakon sake tono rumbu. Haka nan a ware hotuna a teburinsu, domin SELECT *, umarnin ɗauko dukkan gurabe, a kan teburin masu rajista kada ya jawo hoton kowa alhali sunaye kawai ake nema.

A rumbu ko a folda

Wannan tsohuwar muhawara ce. Ɗaya hanyar ita ce a ajiye hoton a matsayin fayil, a rubuta sunansa kawai a rumbu. Masu goyon bayanta suna cewa manhajojin sabar irin su Apache da Nginx an gina su ne domin miƙa fayil da sauri, rumbu kuma yana zama ƙarami, kwafin ajiyarsa ba ya cin sa'o'i. Masu goyon bayan rumbu suna cewa hoto da bayaninsa suna tafiya tare: in an soke aiki an soke duka, in an yi kwafin ajiya an kwafi duka, ba a samun layi mai nuna fayil da ya ɓace, ko fayil maraya da babu mai nuna shi. Izinin gani ma wuri ɗaya ake tsara shi.

A 2006 Russell Sears da Catharine van Ingen da Jim Gray sun auna batun a sashen bincike na Microsoft, inda suka gwada SQL Server da tsarin fayil na NTFS. Sun gano cewa abin da bai kai kilobayit 256 ba rumbu ya fi iya shi, abin da ya wuce megabayit 1 tsarin fayil ya fi, tsakaninsu kuma ya danganta ga yawan karantawa da sauyawa. Masu rumbun SQLite ma sun wallafa gwajin da ya nuna ƙananan hotuna na kusan kilobayit 10 suna karantuwa da saurin da ya fi na fayil ɗai-ɗai da kusan kashi 35 cikin ɗari. Na'urori sun sauya tun lokacin, amma ma'aunin yana nan da amfani: ƙananan hotuna masu muhimmanci, kamar sa hannu ko hoton katin shaida, sun dace da rumbu, tarin manyan hotuna kuma folda ko ma'ajin girgije irin Amazon S3, wanda aka buɗe a 2006. Idan folda aka zaɓa, a sa mata sunayen da sabar ta ƙirƙira, a kuma hana gudanar da kowane rubutu a cikinta.

Inda ayyukan biyu ke haɗuwa

Sau da yawa fom ɗaya ne ke jawo su: mutum ya ɗora hoto, sabar ta sanar da mai kula. Tsarin da ya fi tsafta shi ne a rubuta bayanin da hoton da saƙon da ke jiran aikawa a cikin ma'amala guda ta rumbu. In ɗaya ya kasa, duka su koma baya, don kada a aika sanarwa kan hoton da bai shiga ba. Imel da ya fita ba a iya janye shi, shi ya sa ake barinsa ya zama mataki na ƙarshe.

Hoton kansa ana iya liƙa shi a saƙo, ko a saka shi a jikin saƙon ta alamar Content-ID, ko a aika mahaɗa kawai. Gmail yana iyakance abin liƙawa a megabayit 25, kuma kumburin Base64 yana cinye wani ɓangare na duk iyakar da sabar wasiƙu ta sa. Mahaɗa ta fi sauƙi, amma idan hoton na sirri ne, sai ta zama mai neman a shiga da kalmar sirri, ko mai ɗauke da lamba doguwa da ba a iya cankawa wadda ke mutuwa bayan ƙayyadadden lokaci. Mahaɗa mai lambobi a jere, 41 sai 42 sai 43, tana ba duk wanda ya samu ɗaya damar leƙa sauran idan rubutun bai duba izini ba.