Dredd (fim na 2012) da batun kashi na biyu

Dredd fim ne na faɗa da ƙagaggen labarin kimiyya wanda ya fito a watan Satumba na 2012. Sunan Pete Travis ne ya fito a matsayin darakta, Alex Garland ya rubuta labarin kuma yana cikin furodusoshi, Karl Urban kuma ya fito a matsayin Alƙali Dredd, tare da Olivia Thirlby da Lena Headey. Fim ɗin bai yi kasuwa a gidajen silima ba. Duk abin da ya tara a duniya dala miliyan 41 ne da 'yan kai, alhali kuɗin shirya shi ana ƙiyasta su tsakanin dala miliyan 30 zuwa 45. Sai da ya fito a faifai ya samu 'yan gani-kashe-ni, waɗanda suka shafe shekaru suna neman a yi masa kashi na biyu. Ba a yi ba, kuma muhawara kan ko cinikinsa ya isa a yi ta zama wani ɓangare na tarihin fim ɗin.

Asalin Alƙali Dredd

Alƙali Dredd ya fara bayyana ne a watan Maris na 1977, a fitowa ta biyu ta 2000 AD, mujallar labaran zane ta Birtaniya da ke fitowa mako-mako. Marubuci John Wagner da mai zane Carlos Ezquerra ne suka ƙirƙire shi, lokacin Pat Mills na editan mujallar. An haifi Wagner a Amurka amma ya tashi a Sikotlan, shi kuwa Ezquerra ɗan Sifaniya ne da ya girma a zamanin mulkin Janar Franco, kuma masu nazari kan alaƙanta ƙatuwar gaggafar da ke kafaɗar Dredd da irin tambarin mulkin kama-karya da mai zanen ya tashi yana gani.

Labarin yana faruwa ne a Mega-City One, wani makeken birni a gabashin Amurka bayan yaƙin nukiliya ya ƙone sauran ƙasar. Laifi ya yi yawa har aka haɗe aikin ɗan sanda da na kotu da na hauni a hannun mutum ɗaya: alƙali shi ke kamawa, shi ke yanke hukunci a bakin titi, shi ke zartarwa nan take. A mujallar akwai shaguɓe mai yawa ga masu mulki da masu son a danne jama'a da sunan doka, don haka masu karatu ba su taɓa ɗaukar Dredd a matsayin gwarzo tsantsa ba. Wata al'ada da masoyansa suka riƙe kamar farilla ita ce ba a ganin fuskarsa. Kwalkwalinsa ya rufe komai sai baki da haɓa.

Wannan al'ada ce fim na farko ya karya. A 1995 Danny Cannon ya ba da umarnin Judge Dredd, inda Sylvester Stallone ya cire kwalkwalin tun ba a je ko'ina ba, aka kuma haɗa shi da ɗan barkwanci Rob Schneider. An kashe wa fim ɗin kusan dala miliyan 90, ya tara kimanin 113. Masu sharhi sun yi masa kaca-kaca, masoyan mujallar suka juya masa baya, sunan Dredd ya lalace a Amurka, inda dama mutane ƙalilan ne suka san mujallar. A 2000 kamfanin Rebellion na birnin Oxford, mai yin wasannin kwamfuta, ya sayi 2000 AD da jarumanta. Garland ya fara rubuta sabon labari wajen 2006, aka sanar da aikin a ƙarshen 2008 ƙarƙashin kamfanin DNA Films na Andrew Macdonald da Allon Reich.

Labarin fim ɗin

Garland ya fara gwada manyan labaran mujallar, har da na Judge Death, babban abokin gabar Dredd, daga baya ya ajiye su ya zaɓi yini guda a rayuwar Dredd. A labarin, an ba Dredd wata sabuwar alƙaliya, Cassandra Anderson, mai baiwar karanta zuciyar mutane, ya jarraba ta. Sun shiga Peach Trees, bene mai hawa 200, binciken kisan mutum uku, sai Ma-Ma, shugabar masu safarar wata ƙwaya da ake kira Slo-Mo, ta sa aka kulle ginin ta ba da umarnin a kashe su. Ƙwayar tana sa wanda ya zuƙa ya ga lokaci na tafiya a hankali ƙwarai, kuma a nan ne mai ɗaukar hoto Anthony Dod Mantle ya nuna gwaninta: akwai inda Ma-Ma ke kwance a bahon wanka ta ɗaga hannu, ɗigon ruwa na rataye a iska yana ƙyalli kamar lu'ulu'u. Daga farko har ƙarshe Urban bai nuna fuskarsa ba.

Yadda aka tara kuɗin aikin

Ba a fahimtar batun kashi na biyu sai an san inda jarin na farko ya fito. Dredd ba fim ɗin wani babban kamfanin Hollywood ba ne da zai zuba kuɗinsa ya rarraba da kansa. DNA Films ta haɗa hannu da kamfanin dillancin fina-finai na IM Global da kamfanin Reliance na Indiya, suka bi hanyar da masu fim masu zaman kansu suka saba bi: a sayar wa dillalan ƙasashe haƙƙin nuna fim tun kafin a ɗauki ko hoto ɗaya. Dillali ya duba rubutaccen labari da sunayen 'yan wasa, ya yi alkawarin wani adadi a matsayin kafin-alƙalami, masu fim su kai takardun alkawarin a ba su rance su fara aiki.

A bikin fina-finai na Toronto a Satumbar 2010, rahotanni sun ce an yi irin wannan ciniki na kusan dala miliyan 30, ciki har da kimanin miliyan 7 daga Entertainment Film Distributors don kasuwar Birtaniya. Lionsgate, mai rarraba fina-finai, ta karɓi haƙƙin Amurka ba da jimawa ba. An fara ɗauka a watan Nuwamba na 2010 a Afirka ta Kudu, galibi a sabon situdiyon Cape Town, wasu wuraren kuma a Johannesburg, aka yi kimanin makonni 13. Sauƙin kuɗin aiki ne ya kai su can. An ɗauki fim ɗin da kyamarorin 3D, irin wanda ake kallo da tabarau, domin a lokacin, bayan nasarar Avatar a 2009, dillalai sun fi ɗokin irin wannan.

Ma'anar wannan tsari ita ce masu shirya fim ɗin sun rage wa kansu haɗari tun daga farko. Asara idan ta zo, kan dillalan da suka biya tun kafin su ga kaya za ta fi faɗawa. Su ɗin ne kuma za a sake komawa wurinsu da ƙoƙon bara idan ana son kashi na biyu.

Ciniki a silima

A taron masoya fina-finai da labaran zane na Landan a Yulin 2012, Garland ya faɗi sharaɗin a fili: idan fim ɗin ya haura dala miliyan 50 a Arewacin Amurka, za a iya ci gaba. Ya ce yana da tsarin fim uku, na biyu zai taɓo asalin Dredd da birninsa, na uku ya kawo Judge Death da sauran miyagun alƙalai irinsa.

Farkon ya yi armashi. An saki fim ɗin a Birtaniya ranar 7 ga Satumba, ya zo na ɗaya a wancan ƙarshen mako da fam miliyan ɗaya da ɗoriya, abin da ba a cika gani ba ga fim ɗin da aka hana 'yan ƙasa da shekara 18 kallo. Makonni biyu bayan haka, ranar 21 ga Satumba, ya buɗe a gidajen silima sama da 2,500 a Amurka da Kanada, ya tara kimanin dala miliyan 6.3, ya zo na shida. Har Finding Nemo, fim ɗin yara na 2003 da aka sake fitarwa a 3D, ya sha gabansa. A mako na biyu ciniki ya faɗi da fiye da rabi. Da aka sauke shi, jimillar Arewacin Amurka ta tsaya a kusan dala miliyan 13.4, wato bai kai kashi ɗaya cikin uku na abin da Garland ya ambata ba. Sauran ƙasashe suka kawo kimanin miliyan 28.

Masoya kan ce ai miliyan 41 ya kusa uwar kuɗi, ko ma ya haura ta idan ƙaramin ƙiyasin ne daidai. Wannan lissafin dokin rano ne. Kuɗin tikiti ba duka ke komawa wurin masu fim ba, gidajen silima kan riƙe wajen rabi, a wasu ƙasashen ma fiye. Ga kuɗin talla da na buga kwafi, waɗanda ba sa cikin kuɗin shiryawa, kuma an ruwaito Lionsgate ta sa kimanin dala miliyan 25 a wannan ɓangare. Idan aka raba miliyan 13.4 biyu, abin da ya koma hannunta daga silima bai fi miliyan 7 ba. A Amurka dai kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Abin da ya jawo hakan

Ba a yi ittifaƙi kan dalili ɗaya ba. Masu sharhi sun yaba fim ɗin, har ya ci kyautar mujallar Empire ta fim ɗin 3D mafi kyau a 2013, don haka ba a ɗora laifin kan ingancinsa. Urban ya sha cewa ba a tallata shi yadda ya kamata ba. Wasu na ganin inuwar fim ɗin Stallone ce ta bi shi. An kuma yi ƙorafin ƙarancin kwafin da ba na tabarau ba, musamman a Birtaniya, a daidai lokacin da 'yan kallo suka fara gajiya da ƙarin kuɗin tikitin 3D. Akwai kuma The Raid, fim ɗin Indunusiya na Gareth Evans, wanda ya riga shi fitowa da 'yan watanni da labarin jami'an tsaro da aka ritsa a bene, ko da yake an fara ɗaukar Dredd kafin a fara nasa.

Kan wanda ya ba da umarni ma akwai saɓani. A 2011 an ruwaito cewa an janye Travis daga aikin tacewa, shi da Garland suka fitar da sanarwar haɗin gwiwa suna kwantar da maganar. A 2018 Urban ya ce Garland ne ainihin daraktan.

Faifai da gangamin masoya

A Janairun 2013 fim ɗin ya fito a DVD da Blu-ray, ya zo kan gaba a ciniki a Amurka da Birtaniya. An ba da rahoton sayar da kwafi kimanin 650,000 a Arewacin Amurka a farkon fitowarsa, kuma ƙiyasin da aka yi bayan 'yan shekaru ya kai cinikin faifansa a can wajen dala miliyan 20. Wannan ne ya farfaɗo da fata. Sai dai shi ma kuɗin faifai 'yan kasuwa na cire nasu, ana cire na bugawa, ragowar kuma ta fara cike ramin da silima ta bari kafin a yi zancen riba. Ƙari a kan haka, a shekarun nan kasuwar faifai kanta ta fara ja da baya saboda kallo ta intanet, abin da ya sa masu jari ba su ɗauke ta madogara ba.

A Maris na 2013 ɗaya daga cikin manyan furodusoshin, Adi Shankar, ya ce da wuya a yi na biyu. Masoya suka buɗe gangami a Facebook da takardar koke, mujallar 2000 AD ta mara musu baya a hukumance a watan Yuli, zuwa Satumba masu sa hannu sun kai wajen 80,000. Sun ware rana guda a watan, 18 ga Satumba, kowa ya sayi faifan, ko da yana da shi ya sake saye ya ba wani kyauta, don a ga sunan fim ɗin ya hau jerin ciniki na Amazon. Ya kuwa hau. Amma mutum 80,000, ko kowannensu ya sayi tikiti goma, ba su kai ga miliyan 50 ba.

A watan ne kuma aka fara buga ci gaban labarin a zane, mai suna Underbelly, na Arthur Wyatt da Henry Flint, a mujallar Judge Dredd Megazine. Wasu labaran sun biyo baya a duniyar fim ɗin, kuma su ne mafi kusa da kashi na biyu da masoya suka samu. A 2014 Shankar ya saki jerin gajerun katun na Dredd a intanet, ba da sunan masu haƙƙin ba.

Bayan haka

A 2015, lokacin da yake tallar fim ɗinsa Ex Machina, Garland ya nuna cewa ba ya ganin za a yi ci gaban nan kusa, aƙalla ba da ayarin farko ba. A Mayun 2017 Rebellion da sashen talabijin na IM Global suka sanar da shiri mai dogon zango, Judge Dredd: Mega-City One, Urban ya ce a shirye yake idan rubutun ya yi kyau, amma shirin bai kai ga allo ba. Ezquerra ya rasu a 2018.

A Yulin 2025 jaridun harkar fim na Amurka sun ruwaito cewa ana shirin sabon fim ɗin Alƙali Dredd, Taika Waititi zai ba da umarni, Drew Pearce ya rubuta. Yadda aka bayyana shi, sabon zubi ne daga mujallar, ba ci gaban na 2012 ba.