Zarton lantarki a wajen fawar gida: a duba bakinsa kafin ya taɓa nama

A Babbar Sallar da ta wuce na leƙa wani gida a unguwarmu inda aka yi watandar sa. An gama fiɗa, an rataye gangar jiki, sai wani saurayi ya fito da zarton batir, irin wanda bakinsa ke kai da komo, ya tsaga san gida biyu kafin ruwan da ke kan wuta ya tafasa. Kowa ya yaba, ni ma na yaba, domin na san wahalar sara da gatari a kan gungume, na kuma san yadda ɓarɓashin ƙashi ke maƙale wa yaro a wuya ko ya fasa wa tsoho haƙori. Amma da na matsa kusa na duba tsagin, sai na ga jan fenti da baƙin maiƙo sun bi layin ƙashin baya tun daga wuya har gindin wutsiya. Da na tambaya, aka ce aro aka yi daga wajen mai walda, kuma jiya-jiya da shi aka yanke bututun ruwa.

Shekarun da na yi a aikin duba-gari sun sa ba na hana mutane kayan da zai rage musu wahala. Zarton nan yana da amfani. Sai dai an ƙera shi ne don katako da ƙarfe, kuma bakin da ake sayar da shi da shi fenti ne a jikinsa, yana tsatsa, fentin kuma yana goguwa a kan nama. Akwai baki na musamman na yankan nama da ƙashi, na ƙarfen da ba ya tsatsa, marar fenti, mai tsawon inci 9 ko 12. Shi za a nema. Wanda ya yi niyyar fawa da zarto, ya ware zarto guda na nama kaɗai, kada ya koma shago, kada a ba da aronsa.

Babbar damuwata tana can inda ido ba ya kai wa, wato maƙogwaron da ake cusa bakin zarton. Na'urar tana iya kai da komo har sau 3,000 a minti ɗaya, kuma kowane komawa yana jan jini da kitse da garin ƙashi zuwa ciki. A zafin ƙasarmu, wannan cakuɗin kwana ɗaya ya ishe shi ya ruɓe, domin ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da 60 a ma'aunin Salshiyos. In an ajiye zarton haka, ragon suna na wata mai zuwa shi zai kwashi dattin. Kafin a fara aiki a naɗe gaban na'urar da leda mai tsabta, a ɗaure, a bar kafofin shan iskarta a buɗe. In an gama, a cire batir tukuna, a zare bakin, a wanke shi da ruwan zafi da sabulu, a jiƙa shi a ruwa lita 4 da aka zuba wa babban cokali ɗaya na bilic, wato sinadarin da ake wanke farin kaya da shi, a shanya ya bushe. Maƙogwaron kuma a bi shi da tsohon buroshin haƙori. Jikin injin ba a tsoma shi a ruwa, gogewa ake yi.

Zarto aikinsa ƙashi ne. A fara cire kayan ciki gaba ɗaya, a tsaga tsoka da wuƙa har ƙashi ya bayyana, sannan a ɗora shi. In bakin ya huda tumbi ko hanji, kashin dabba ya watsu a nama ke nan, kuma daga nan gudawa da amai ke shiga gida. Garin ƙashin da ya kwanta a kan yankan a kankare shi da bayan wuƙa.

Hannu biyu ake riƙe zarton da su. Raunin da na fi jin tsoro shi ne na mai taimako, wanda ake ce wa "riƙe min ƙafar nan", domin baki yana iya cijewa a ƙashi ya yi tsalle. A rataye naman ko a danne shi a kan tebur mai ƙarfi, mai riƙo ya tsaya a gefe, yara su yi nisa. A sa safar hannu da tabarau da takunkumi. Mai amfani da zarto na waya kuwa ya tuna wurin fawa jiƙe yake da ruwa da jini, waya mai ɓarewa a irin wannan ƙasa tana kisa.

Akwai dabbar da ko da wuƙa bai kamata a buɗe ta ba, balle da na'urar da ke fesa jini a iska. A watan Yulin 2023 hukumomi sun tabbatar da ɓullar cutar antiraks a wata gona da ke yankin Suleja a Jihar Neja, makonni kaɗan bayan ta bayyana a arewacin Gana. Alamarta dabba ta faɗi farat ɗaya, baƙin jini marar daskarewa yana fita ta hanci ko baki ko dubura. Ƙwayar cutar tana daɗewa a ƙasa shekaru gommai. Irin wannan dabba, ko an riske ta da yanka kafin ta cika, likitan dabbobi ake kira, ba a fiɗe ta. Haka saniyar da ke yawan ɓari, wadda makiyaya ke cewa tana da bakkale, cutarta tana kama mai fawa ta ɗan rauni a hannu ko ta ido.

'Yan uwana mafarauta, ku ma da ku nake. A Amurka, inda maharba ke yawan gyara barewarsu a gida da irin wannan zarto, hukumomin lafiya suna gargaɗinsu kada su ratsa ƙwaƙwalwa da laka, saboda wata cuta mai ramar da barewa da aka fara ganowa a jihar Kolorado a 1967, wadda dafuwa ba ta kashe sanadinta. Maharban da kansu sukan zare tsoka daga ƙashi su bar ƙashin baya yadda yake. Gada ko barewar da kuka harbo ba ta buƙatar tsagi ta tsakiya, wuƙa ta isa a raba ta gaɓa-gaɓa. Ɓera da danginsa kuwa a nisance su, zazzaɓin Lassa da aka fara ganowa a Borno a 1969 ta jininsu da fitsarinsu yake zuwa, ya fi tsanani kuma a rani, daidai lokacin da ake ƙona daji ana farauta.

Duk wanda ya yi fawa, bayan 'yan kwanaki ya ga ƙurji mai baƙin tsakiya a hannu ko zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya, ya je asibiti, ya gaya wa ma'aikacin lafiya irin dabbar da ya taɓa da ranar da ya taɓa ta.