Waya mai tsada tana gyara sautin sifika?

Tambayoyin nan su ke nan kullum, daga masu hayar kayan sauti a Gusau zuwa 'yan kwamitin masallaci a Jega da Argungu. Ga amsoshin wuri ɗaya, a karanta kafin a sake tambaya.

Idan na sayi wayar sifika mai tsada, sautina zai gyaru?

A'a. In dai wayar da kake da ita jan ƙarfe ce na gaske, kaurinta ya dace da tsawonta, mai tsadar ba za ta ƙara maka komai ba. Waya ba ta ƙara sauti, ragewa kawai take iya yi.

Amma na canza waya, kuma wallahi na ji bambanci.

Ban ƙaryata ka ba, Malam. Sai dai duba tsohuwar da ka cire: bakinta ya yi baƙi, rabin silin ya tsinke, an murɗe ta da hannu an naɗe da tef. Tsaftar mahaɗa ka ji, da ka yanke bakin tsohuwar ka feƙe sabo da haka za ka ji. Ga kuma kunne, wanda in an ɗan ƙara ƙara kaɗan sai ya ce sauti ya fi daɗi. Ka sa wani ya riƙa sauya wayoyin a bayanka sau 10 ba tare da ya taɓa maɓallin ƙara ba, kai kuma ka faɗi wacce ce. A 2007 James Randi na Amurka ya sa dala miliyan ɗaya ga wanda zai bambance wata waya ta sama da dala 7,000 da wata mai sauƙin kuɗi ta kunne kawai. An yi ta cacar baki, gwajin bai yiwu ba.

Mai bakin zinariya fa?

Zinariya ba ta kai jan ƙarfe iya ɗaukar wuta ba. Amfaninta ɗaya, ba ta tsatsa. Azurfa ta fi jan ƙarfe da kamar kashi 6 cikin 100, abin da ɗan ƙarin kauri zai ba ka.

To wace waya ce za ta cuce ni?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata a fara da ita, amma ba mai yi. Kasuwa cike take da wayar alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a sama, wadda ake rubuta wa CCA, in ma an rubuta. Tana tauye wuta fiye da jan ƙarfe mai kaurinta da sama da rabi, tana karyewa a bakin noti, kuma damina ɗaya ta ishe ta zama gari a mahaɗa. Kankare sili ɗaya da reza a gaban mai shago: in cikin ya fito fari, ajiye masa abinsa. Ko ka kunna mata laita, alminiyam zai lanƙwashe ya zube, jan ƙarfe zai yi ja ya tsaya. Wadda maganaɗisu ya kama kuwa baƙin ƙarfe ne a ciki. Kada kaurin roba ya ruɗe ka, wasu robar ce kawai mai ƙiba, silin ciki bai fi gashin akuya ba.

Wane kauri zan saya?

Turjiyar waya, wato yadda take tauye wuta (da om ake auna ta), zuwa da dawowa, kada ta wuce kashi 5 cikin 100 na om ɗin sifika. Ga sifika mai om 8, waya mai kaurin 0.75 (mm² ake auna kaurin silin) za ta kai ka mita 8, 1.5 mita 17, 2.5 kusan mita 28. In om 4 ne, raba biyu. Sifika biyu masu om 8 da aka jona a waya ɗaya, ja da ja, baƙi da baƙi, sun koma om 4, mutane na mantawa da wannan. A falo kuwa, inda tsakanin amfilifaya da sifika bai wuce mita 3 ba, 1.5 ta yi har ta yi yawa.

Amfilifayar masallacinmu tana kusa da mumbari, lasifikokin suna kan hasumiya, kamar mita 60. Sauti ba ya fita. Mu sayi waya mai kauri ko mu canza amfilifaya?

Nan kam sai a hankali, don amsar ta danganta da abin da ke rubuce a bayan kayanku, ni kuma ban gan su ba.

Bari mu ɗauka wayar 0.75 ce, irin wadda aka fi ja. Mita 60 zuwa da dawowa tana da turjiya kusan om 2.8. In lasifika ɗaya ce mai om 8, kusan rabin ƙarfin da ya kamata ta samu ba ya isa gare ta. In biyu ne a jone, kashi ɗaya cikin uku kawai ke isa. Shi ya sa ladan ke ta murɗa ƙara har murya ta tsage, alhali a bakin kasuwa ba a jin kiran salla. A irin wannan, waya 2.5 za ta taimaka sosai, 4 ta fi, amma mita 60 na jan ƙarfe mai wannan kauri kuɗi ne, kuma ɓarayin waya sun san darajarsa.

Kafin ku tara kuɗin, ku juya amfilifayar. Yawancin na masallaci, irin su TOA da Ahuja, suna da notuna a jere: COM, 4, 8, 16, sai 70V ko 100V. In akwai 100V, kuma lasifikokin suna da ƙaramar taransifoma a bayansu mai zaɓin wat, to ba ku buƙatar waya mai kauri ko kaɗan. Lasifika 4 kowace a kan wat 30 sun zama wat 120, a layin 100V kamar om 83 ke nan, om 2.8 ɗin waya bai fi kashi 3 ko 4 cikin 100 ba. Sharaɗi dai, jimlar wat ɗin lasifikoki kada ta wuce kamar kashi 80 cikin 100 na ƙarfin amfilifaya, wato wat 120 na son amfilifaya mai 150. In lasifikokin ba su da taransifoma, ana sayen ta daban a ɗaura wa kowace ɗaya. Kada kuskure ya kai wani ya jona lasifika mai om 8 kai tsaye a 100V, ko ita ta ƙone ko amfilifayar. Kuma layin yana jan mutum in ana magana, a kashe kafin a taɓa.

Duk wannan ga magana ne, huɗuba da kiran salla da tafsiri. Ga mai kiɗan biki ban ba da shawarar 100V ba, ƙananan taransifomomin nan suna cinye amon ƙasa, wato bes. Shi gara ya matsar da amfilifaya kusa da sifika, ya ja doguwar wayar daga mikisa, na'urar haɗa sautuka.

Mai yiwuwa kuma ba waya ba ce sam. Lasifikar da ta sha ranar Birnin Kebbi ta watan Afrilu da ƙurar hunturu shekara da shekaru, koyil ɗinta kan mutu rabi da rabi, zanzaro ma kan yi gini a maƙogwaronta. A sauko da ɗaya, a gwada ta da waya mai mita 2 a gefen amfilifaya. In ta yi ƙara yadda ya kamata, laifin hanya ne. In ba ta yi ba, kun huta da sayen waya.

Me ke kawo gurnanin nan, huuu, ko ba a magana?

Wutar gida ce mai bugu 50 a daƙiƙa take shiga wayar makirufo. Wayar sifika ba ruwanta. Nan ma irin waya na da tasiri na gaske: ka yi amfani da wayar makirufo ta XLR mai ƙafa uku, mai raga a ciki, ba jak mai ƙafa biyu ba in tsawon ya wuce mita 5. Kada ka ɗaure ta tare da wayar janareta, in dole su haɗu su gitta juna. Mikisa da amfilifaya su sha wuta a soket ɗaya. Masu cire ƙafar at, wadda ke kai wuta ƙasa, daga fulogi don gurnani ya tafi, ku daina, rai kuke wasa da shi.

Sifikokina biyu ne amma bes ya ɓace.

Ka juya waya a ɗaya. Ɗauki batirin tocila mai 1.5V, ka taɓa jar waya a kansa, baƙar a gindinsa: takardar sifika ta turo waje. Duka biyun su turo waje.

HDMI, wayar hoto da sauti ta talabijin, mai tsada ta fi?

Ko ta yi aiki ko ba ta yi ba. In hoto da sauti ba sa yankewa, wadda kake da ita ta isa.

An ce sabuwar waya sai ta yi awa 100 tana aiki kafin ta nuna?

Ba mangwaro ba ce.