Zaren Haske Mai Kogo

Zaren haske mai kogo nau'i ne na zaren gilashi da ake aika haske ta cikinsa, amma tsakiyarsa rami ne mai ɗauke da iska ko wani gas. Kaurinsa bai wuce na silin gashi biyu ko uku ba. Zaren faiba na yau da kullum, wanda ke ɗauke da intanet a ƙarƙashin ƙasa da teku, cibiyarsa gilashi ce zalla. A cikin gilashi haske na tafiyar kimanin kilomita 200,000 a sakan ɗaya, a iska kuwa kusan 300,000. Wannan tazara ita ce babban dalilin da ya sa aka daɗe ana neman zaren.

Yadda yake riƙe haske

A zaren da aka saba da shi, cibiya ta fi rigar da ke kewaye da ita rage gudun haske, saboda haka hasken da ya doki bango a karkace sai ya komo ciki. Iska ba ta rage gudun haske kamar gilashi, don haka wannan dabara ba ta ci a rami: haske zurarewa zai yi ta bango.

Hanyoyi biyu aka bi. Ta farko, a kewaye ramin da ƙananan ramuka masu yawa a jere kamar saƙar zuma, tsarin da ke hana wasu launukan haske ratsawa. Ta biyu, wadda ta yi rinjaye yanzu, a jera 'yan bututu biyar ko shida a jikin bangon ciki, ba tare da sun taɓa juna ba. Bangon kowanne bai kai maikiron ɗaya (kashi ɗaya cikin dubu na milimita) kauri ba. Irin wannan siririn bango yana mayar da haske baya kamar yadda man da ya zuba a kan ruwa ke nuna launukan bakan gizo. Idan aka daidaita kaurinsa da hasken da ake so, kusan duk hasken na zama a iska, ɗan ƙalilan ne ke shafar gilashi.

Tarihi

A 1964 masana Marcatili da Schmeltzer na cibiyar bincike ta Bell Labs a Amurka suka yi lissafin tura haske ta bututu mai rami, amma da an lanƙwasa shi sai hasken ya tsiyaye. Bayan aikin Charles Kao na 1966, wanda ya nuna cewa tataccen gilashi zai iya kai haske nesa, hankali ya koma kan gilashi zalla, aka jingine wancan tunani.

Philip Russell ne ya farfaɗo da shi a wajajen 1991. A 1999 tawagarsa a Jami'ar Bath ta Ingila ta nuna zare na farko mai saƙar zuma da ya riƙe haske a iska. A 2002, a Bath ɗin dai, Fetah Benabid da abokan aikinsa suka yi amfani da zare mai saƙar "kagome", sunan wata saƙar kwando ta Japan, suka cika shi da haidurojin. Zuwa 2005 an rage asarar haske a zaren saƙar zuma zuwa desibel 1.2 a kilomita (desibel shi ne ma'aunin asarar), daga nan ya cije. Abin da ya tsayar da shi ƙananan ƙurajen da ke daskarewa a fuskar gilashi ne lokacin da yake hucewa, waɗanda ke watsa haske, kuma babu gogewar da za ta kawar da su.

Mafita ta zo ne ta rage haɗuwar haske da gilashi. A 2011 masana a Mosko suka nuna zare mai zobe ɗaya na bututu. A 2014 Francesco Poletti na Jami'ar Southampton ya kawo shawarar a sa bututu cikin bututu, wanda a iya cewa shi ne gyaran da ya fi kowane tasiri a tarihin zaren. Daga wannan jami'a ne kamfanin Lumenisity mai ƙera zaren ya fito, Microsoft ta saye shi a ƙarshen 2022. A 2025 aka ba da rahoton asarar desibel 0.091 a kilomita, ƙasa da kimanin 0.14 na mafi kyawun zaren gilashi zalla.

Ƙira

Ana jera bututun a cikin babban bututu, a narka ƙarshensa a zafin kusan digiri 2,000, a ja shi, ana hura gas a ramukan don kada su rufe.

Amfani

Saƙo na cin kusan maikirosakan 5 (maikirosakan kashi ɗaya ne cikin miliyan na sakan) a kowace kilomita ta gilashi, 3.3 kuma ta iska, shi ya sa 'yan kasuwar hannun jari da cibiyoyin adana bayanai suka fara karɓarsa. Ana kai hasken leza mai ƙarfi da shi zuwa injinan yanka ba tare da zaren ya ƙone ba. Wani nau'i da aka samar a jami'ar MIT ta Amurka a 2002 ya shiga ɗakin tiyata. Ana kuma gano gas da shi.

Matsaloli

Yana da tsada, haɗa shi da tsohon zare na da wuya, kuma danshi ko ƙura na iya shiga ramin idan bakinsa na buɗe. Ko zai maye gurbin zaren gilashi a dogon zango, masana sun saɓa.