Waiwaye: Tun yaushe wurin ajiye mota ya zama abin rigima a makarantun Zariya?

Duk wanda ke shiga manyan makarantun Zariya da hantsi ya san wannan ce-ce-ku-ce. Mai mota na kukan an sace masa iskar taya ko an liƙa masa takarda a gilashi. Mai gadi na cewa, "Ranka ya daɗe, ai ka tare hanya ne." Ɗalibai kuma na ƙorafin cewa duk wata inuwa mai kyau an ce ta malamai ce. Wasu na neman a tsananta tara, wasu na cewa a sassauta. Sai ka ɗauka jiya abin ya faro, alhali ya daɗe yana tsima.

Farkon labarin sananne ne. An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ta gaji harabar Samaru da ta Kongo. A lokacin mota ta ɗaiɗaiku ce. Ƙarin albashin Udoji ya zo a tsakiyar shekarun 1970, aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna a 1975, ma'aikata suka hau 504. Daga 1986 darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta gagari mai albashi, sai motocin na-hannu, 'yan Kwatano, suka cike gurbin, daga baya baburan China masu araha suka biyo. Bayan harin da aka kai Jami'ar Bayero a 2012, bincike a bakin ƙofa ya tsananta a ko'ina, aka fara nesanta motoci daga wuraren taruwar jama'a.

Amma a ganina, abin da ya fi canza komai ba a cika ambatonsa ba, domin ba shi da rana ɗaya da za a nuna. Shi ne lokacin da makaranta ta daina zama wurin kwanan mutanenta.

An tsara harabar Samaru ne kamar gari mai cin gashin kansa. Ɗalibi ya kwana a Suleiman ko Ɗanfodiyo, ɗaliba a Amina, da safe su taka da ƙafa zuwa aji ko ɗakin karatu na Kashim Ibrahim. Malami yana kwatas, a Area A ko BZ, ya hau keke, ko ya shigo da mota ya koma gida cin abincin rana. Wanda ya zana irin wannan wuri ba shi da dalilin ware fili mai yawa don motoci. 'Yan gurabe a gaban kowace tsangaya sun wadatar, kuma gaskiya a lokacin sun wadatar ɗin.

Sai jama'a ta yi ta ninkuwa, tattalin arziki kuma ya matse, ɗakunan kwana da kwatas suka kasa ɗaukar kowa. A hankali mutane suka fantsama: cikin Samaru, Hayin Dogo, Bomo, Zango, Palladan, Hanwa, har Kwangila da cikin birni. Malamai da yawa suka gina nasu gidajen a waje, abin da kowane magidanci ke buri. To amma wanda a da yake zuwa aiki da ƙafa, yanzu dole ya zo a kan taya. Kuma tun da gida ya yi nisa, motar da a da take tsayawa awa biyu, yanzu tana wuni a wuri ɗaya, daga takwas na safe har la'asar. Wannan ne ya cinye guraben, fiye da yawan motocin kansu.

A kan haka aka ƙara karatun manyan digirori na ma'aikata. Mutum ya taso daga Kaduna ko Kano ko Abuja da motarsa, bai san inda aka hana tsayawa ba, lacca kuma ta kusa farawa. Ina zai ajiye ta? Gindin bishiyar da ya fara gani. A Kongo abin ya fi fitowa fili, domin gari ya kewaye harabar, babu inda za ta miƙe ƙafa. Ina tausaya wa mai gadin da ke tsaye cikin rana, an ba shi sitika da tali da igiya ya warware matsalar da asalinta ta muhalli ce.

Tun da man fetur ya yi tsada a 2023, wasu sun jingine motocinsu a gida. Sai dai gidajen ba su matso kusa ba. Cunkoson ya koma bakin ƙofa, inda 'yan keke napep da ƙananan bas ke jeruwa gefen titin Sakkwato suna sauke mutanen da a da can cikin harabar suke kwana.