Waiwaye: Yadda gunduma ɗaya ta haifi 120 a jihar Kentucky

Kentucky, jiha ta 15 a Amurka, ta fara ne a matsayin wani yanki na yammacin Virginia. A 1774 James Harrod ya kafa Harrodsburg, a 1775 kuma Daniel Boone ya kafa Boonesborough da sunan kamfanin Transylvania na Richard Henderson, wanda ya ce ya sayi ƙasar daga ƙabilar Cherokee. Mazauna da ba su yarda da mulkin kamfani ba suka tura George Rogers Clark zuwa Williamsburg, babban birnin Virginia a lokacin, da kokensu. Majalisar Virginia ta amsa, ranar 31 ga Disamba 1776 aka yanke yankin daga gundumar Fincastle aka sa masa suna gundumar Kentucky.

Gunduma a lokacin ita ce gwamnatin da talaka ya sani. A kotunta ake rajistar fili, a tabbatar da wasiyya, a ba da izinin aure, a yanke inda hanya za ta bi, har kuɗin abinci da kwana a masauki ita ke ƙayyadewa. Wanda kotu ta yi wa nisa, hukuma ce gaba ɗaya ta yi masa nisa.

A 1780 aka raba gundumar Kentucky uku: Fayette a arewa da gabashin Kogin Kentucky, Jefferson wajen Louisville, Lincoln kuma ta ɗauki sauran. Lincoln ɗin nan Janar Benjamin Lincoln ne, don ba a ma haifi shugaba Abraham ba tukuna.

Abin da ya fi tura jama'a kotu shi ne fili. Dokar Virginia ta 1779 ta shimfiɗa matakai huɗu: ka mallaki takardar izini, ka shigar da bayanin filin a littafin mai awon gunduma, a fita a auna, sannan gwamna ya sa hannu a takardar mallaka. A mataki na biyu aka fi yin ɓarna. Ba a auna ƙasar tun farko an yanka ta murabba'i ba, kowa da bishiya ko dutse ko rafi yake kwatanta iyakarsa. Bishiya ta faɗi, rafi ya sauya hanya, sai a tarar mutum uku na riƙe da takardar fili ɗaya. Boone kansa ya yi asarar filaye a irin wannan shari'a, kuma rikicin takardu na cikin abin da ya kori mahaifin Abraham Lincoln zuwa Indiana a 1816.

Bayan taruka goma a Danville, Kentucky ta zama jiha ranar 1 ga Yuni 1792, Isaac Shelby ya zama gwamna. Gundumomi tara ta zo da su: ukun farko, da Nelson, Bourbon, Mercer, Madison, Mason da Woodford. Daga nan aka shiga yanka ba ƙaƙƙautawa. Hujjar da aka saba bayarwa ita ce mutum ya iya zuwa kotu bisa doki ya dawo gida a yini guda. Akwai gaskiya a ciki, amma sabuwar gunduma na nufin sabbin muƙamai, kuma filin da aka gina kotu kusa da shi farashinsa tashi yake.

Tsarin mulkin 1891 ya taka birki, lokacin an kai 119. Sabuwar gunduma dole ta kai murabba'in mil 400 da mutum 12,000, kada ta rage tsohuwa ƙasa da haka, kada iyakarta ta matso hedikwatar wata gunduma kusa da mil 10. Gundumar Beckham da aka ƙirƙira a 1904 ta faɗi wannan awo, kotu ta rushe ta a shekarar. McCreary ce ta tsallake a 1912, ba a ƙara wata ba tun daga nan.