Shirin ƙaura daga fasalin ma'aikata na yanzu zuwa wanda ake nufi

Shirin ƙaura, a fannin fasalin ma'aikata, shi ne aikin tsara yadda kamfani ko hukuma za ta tashi daga yadda take gudanar da ayyukanta a yau zuwa yadda shugabanninta suka ƙudura ta koma, ba tare da an kulle ƙofa an ce wa jama'a su dawo baɗi ba. Abin da ake kira fasalin ma'aikata hoto ne na sassa huɗu da yadda suke riƙe da juna: ayyukan da ake yi da masu yin su, bayanan da ake ajiyewa, manhajojin da ke sarrafa bayanan, sai na'urori da layukan sadarwa da ke ɗauke da manhajojin. Sau biyu ake zana hoton, na yanzu da na inda aka dosa. Shirin ƙaura ya shafi abin da ke tsakaninsu: me za a fara, me zai jira, nawa zai ci, wa ke da alhakinsa, kuma ina za a tsaya idan kuɗi ya yanke a hanya.

Asali

Tushen fannin yana komawa ga kamfanin IBM na Amurka, wanda tun shekarun 1970 yake koya wa manyan abokan cinikinsa wata hanya ta tsara kwamfutocinsu bisa bukatun kasuwancinsu. Ɗaya daga cikin ma'aikatansa, John Zachman, ya wallafa maƙala a mujallar kamfanin a 1987 inda ya kwatanta gina tsarin bayanai da gina gida ko jirgin sama: mai gida yana da irin zanensa, mai zane yana da nasa, magini ma haka, kuma duk abu ɗaya suke kallo. Jadawalin farko da ya zana a maƙalar ginshiƙi uku gare shi, wato bayanai, aiki da wuri. A 1992 shi da John Sowa suka faɗaɗa shi zuwa tambayoyi shida: mene ne, yaya, ina, wane ne, yaushe, don me. Jadawalin ya yi suna ƙwarai, sai dai akwatin rarraba takardu ne kawai. Bai ce komai ba a kan yadda za a tashi daga wannan hali zuwa wancan.

Wanda ya cike wannan gurbi shi ne Steven Spewak, shi ma a 1992. Ya kasa aikin hawa huɗu: shirin farawa, sanin inda ake a yau, zana inda ake son zuwa, sannan shirin yadda za a isa. Ya kuma kafa wata ƙa'ida da har yanzu ba ta tsufa ba, cewa manhajar da ke haifar da bayani a riga gina ta kafin wadda ke amfani da bayanin. A sauƙaƙe, ba a gina na'urar fitar da rasit kafin a tanadi rajistar abokan ciniki da jerin farashin kaya. Yawancin abin da aka rubuta daga baya ƙari ne a kan wannan hawa na huɗu.

Gwamnatin Amurka ce ta mayar da abin wajibi. Dokar Clinger-Cohen ta 1996 ta ɗora wa ma'aikatun tarayya nauyin naɗa babban jami'in bayanai da tanadar rubutaccen fasali, kuma tsarin bai ɗaya da aka fitar musu a 1999 ya ambaci fasalin yanzu, da wanda ake nufi, da matakan sauyi a tsakaninsu. A ɓangaren soja, ma'aikatar tsaron ƙasar tana da nata tsarin mai suna TAFIM, kuma a kansa aka ɗora bugun farko na TOGAF, littafin jagora na tsara fasalin ma'aikata, wajen 1995. Ƙungiyar The Open Group ce ke riƙe da TOGAF. Bugu na 9 ya fito a 2009, na 9.2 a 2018, na 10 a 2022. A cikin zagayen aikinsa, matakai B, C da D su ne na zana fasalin ayyuka, na bayanai da manhajoji, da na na'urori. Mataki E yana tattara abin da aka gano ya mayar da shi ayyukan da za a iya bayarwa kwangila, mataki F kuma shi ne shirin ƙaura kansa, inda ake jera ayyukan da kuɗinsu da lokacinsu.

Makarantar Faransa

Ma'aikatan Nijar da suka yi karatu da Faransanci sun fi sanin fannin ta wata ƙofa dabam. A Faransa, tun farkon shekarun 1990, masu kula da kwamfutocin bankuna suka ari harshen masu tsara birane. Ana yawan danganta wannan aro ga Jacques Sassoon, sannan Christophe Longépé ya shimfiɗa hanyar dalla-dalla wajen 2001. Suna kasa tsarin bayanai shiyya-shiyya, unguwa-unguwa, har zuwa rukunin gidaje, da sharaɗin kowane bayani ya kasance yana da unguwa ɗaya tak mai alhakinsa, kuma unguwanni su riƙa magana ta manyan hanyoyin da aka sani.

Hikimar aron ita ce ba a rushe gari don a gyara shi. Duk wanda ya san Birni a Damagaram, da lungunansa da suka girmi mota, ya san ana shigo da famfo da wayar lantarki ne layi bayan layi, mutane suna cikin gidajensu, ana sallah ana kasuwa. Takardar da ofisoshin ƙasar ke kira schéma directeur, wato babban shirin kwamfutocin ma'aikata, kan ɗauki shekara uku zuwa biyar, kuma babinta na ƙarshe galibi shi ne shirin ƙaura.

Gano giɓi da jera ayyuka

Ana farawa da jadawalin giɓi. A jere abubuwan da ake da su yanzu a gefe, waɗanda ake so a sama, a bi su ɗaya bayan ɗaya: wannan zai zauna yadda yake, wannan za a gyara, wannan za a kashe, wannan babu shi sai an samo. Layin abubuwan da za a kashe shi ya fi bukatar ido, domin nan ake gane abin da aka yar da gangan da abin da aka manta. Sau da yawa tsohuwar manhaja tana yin wani ƙaramin aiki, kamar lissafin ladan dillali, da ba wanda ya rubuta shi a ko'ina sai ranar da ya daina fitowa.

Daga nan a ɗaure giɓoɓin da suka dangance cikin ƙunshin aiki, kowane ƙunshi da mai shi da kuɗinsa. Wajen jerawa ana duba dogaron wani a kan wani, da amfanin da zai kawo, da haɗarinsa, da ƙarfin ma'aikata na ɗaukar sauyi. Wannan na ƙarshe ana raina shi, alhali akawu ɗaya ba zai koyi sabuwar manhaja uku a wata guda yana kuma rufe lissafin shekara ba. Wani lokaci doka ce ke yanke jerin. Sabon tsarin lissafin kuɗi na ƙasashen OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka da Nijar ke ciki, ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2018, saboda haka duk kamfanin da ke da shirin sauya manhajoji a lokacin dole ya sa ta lissafi a gaba.

Zango

Idan tazarar tana da nisa, ana zana fasali na tsaka-tsaki, ɗaya ko fiye. TOGAF ya ba su wuri sosai tun bugun 2009, kuma harshen zane na ArchiMate, wanda aka ƙirƙira a ƙasar Holan tsakanin 2002 da 2004, ya sami alamarsu ta musamman a bugunsa na 2012. A Hausa kalmar da ta fi dacewa da su ita ce zango. Unguwar Zango ta Damagaram ta samo sunanta ne daga masaukin ayarin fatake da ke bi tsakanin Kano da Agadas da Tarabulus, kuma madugu ba ya yanke zango a inda ba ruwa. Haka fasalin tsaka-tsaki yake: dole ya zama halin da ma'aikata za ta iya zama a cikinsa wata shida ko shekara biyu tana biyan albashi tana karɓar kuɗi, ko da mai ba da tallafi ya janye ko an canza shugaba. Shirin da ba ya ba da amfani sai an kai ƙarshensa, shi ne mafi rauni.

A ɗauki misalin wani gidan sari da ke da hedkwata kusa da Kasuwar Dole da rassa a Magarya, Matamai da Tanut. A yau kowane reshe yana da babban littafinsa, akawu yana da jadawalin Excel a kwamfutarsa, hoton rasit kuma yana zuwa ta WhatsApp da magariba. Abin da ake nufi shi ne manhaja ɗaya da za ta nuna wa mai gida buhun shinkafa nawa ya rage a kowane sito. Zangon farko ba ya bukatar sayen komai: a yarda da suna ɗaya da lamba ɗaya ga kowane kaya da kowane abokin ciniki, a duk rassan. Zango na biyu, hedkwata ta hau sabuwar manhajar, rassa su ci gaba da littafi amma da sabbin lambobin. Na uku, rassa su shigo ɗaya bayan ɗaya, a fara da wanda rezonsa ya fi tsayawa. Ko a zangon farko tafiyar ta tsaya, mai gida ya riga ya sami lissafin da ke haɗuwa.

Hanyoyin sauyawa

Huɗu aka fi sani. Akwai sauyin dare ɗaya, a kashe tsoho a kunna sabo. Akwai tafiya kafaɗa da kafaɗa, a riƙa aiki da duka biyun ana gwada sakamakonsu, wanda ya fi aminci amma yana ninka wa ma'aikata wahala. Akwai gwaji a reshe ɗaya kafin sauran. Sai kuma sauyi sashe-sashe, wanda Martin Fowler ya kwatanta a 2004 da irin ɓauren da ya gani a dajin Ostireliya, mai tsirowa a jikin wata bishiya yana sauko da saiwoyi har ya maye gurbinta.

Misalin da ake yawan kawowa na haɗarin hanyar farko shi ne bankin TSB na Birtaniya. A watan Afrilun 2018 ya kwashe bayanan abokan cinikinsa daga tsarin bankin Lloyds zuwa wani sabo a ƙarshen mako guda. Mutane kusan miliyan 1.9 suka kasa shiga asusunsu, shugaban bankin ya sauka a watan Satumba, kuma a Disambar 2022 hukumomi suka ci bankin tarar fam miliyan 48.65. Shi ya sa shiri mai kyau ke rubuta hanyar komawa baya, da sa'ar da za a yanke shawarar komawar, da wanda zai yanke ta.

Kwashe bayanai

Nan ne lokaci ke tafiya. Mutum ɗaya yana iya fitowa a littattafai huɗu a matsayin Mahamadou, Mahamane, Mamane da Maman, a wani wurin da sunan mahaifinsa, a wani da laƙabin kasuwa. Ranar haihuwar da yawa daga cikin manya an rubuta ta ne da kimanin shekara kawai, sabuwar manhaja kuwa tana neman rana da wata. Wani ya rubuta kuɗi da sefa, wani da dala, alhali dala ɗaya sefa biyar ce. Na'ura ba ta raba wannan gardama. Sai an zaunar da tsohon akawu da magatakardan da suka san mutanen, a kuma sa ladan wannan zama a cikin kasafin tun farko.

A Nijar da Damagaram

An kafa hukumar ANSI a 2017 don jagorantar shirin zamanantar da ayyukan gwamnati da ake kira Niger 2.0. Shekara guda kafin nan aka haɗe kamfanonin waya na gwamnati, Sonitel da SahelCom, suka zama Niger Telecom, kuma irin wannan haɗaka kan gaji rajista biyu da hanyar cajin kuɗi biyu da sai an daidaita. Hukumar duwan tana aiki da SYDONIA, manhajar da hukumar ciniki ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta samar tun shekarun 1980, wadda ita ma ta sauya zubi sau da dama.

Abin da ya bambanta shiri a Damagaram da na littafi shi ne hawa na ƙasa, wato wuta da layi. Yankin ya daɗe yana samun kaso mai yawa na lantarkinsa ta layin da ke shigowa daga Katsina, kuma da Najeriya ta yanke wutar a watan Agustan 2023 sai da aka shiga 2024 kafin ta dawo. Saboda haka masu tsarawa a nan sukan sa faifan sola da batura da janareto a zangon farko, su kuma nemi manhajar da ke iya aiki babu intanet ta aika bayanan idan layi ya dawo. Nisan kusan kilomita 900 daga Yamai yana nufin gyaran da ke jiran ƙwararre daga babban birni zai jira kwanaki, don haka horar da mutum biyu a wurin yana shiga shirin. Ajiye bayanai a rumbunan ƙasashen waje kuma yana ƙarƙashin dokar kare bayanan mutane ta 2017, wadda aka sabunta a 2022, da hukumar HAPDP ke kula da ita.

Kayan aiki

Akwai manhajojin zane na kuɗi da na kyauta, irin su Archi. Ƙananan ma'aikatu da yawa jadawali da allo sun ishe su.

Saɓani

Wasu masu bincike, cikinsu har da Svyatoslav Kotusev, suna cewa da wuya a sami ma'aikatar da ta bi TOGAF yadda aka rubuta shi, kuma cikakken zanen halin yanzu yakan tsufa kafin a gama shi. Masu goyon bayansa suna amsawa da cewa tun asali an ce a yanke shi daidai jikin mai sawa. Tsawon shirin ma ba a daidaita a kai ba: wasu shekara biyar, wasu ba sa wuce wata goma sha takwas.